Wiley Ba Ta Kara Da Harvard Ba: Raddi Ga Masu Koyon Tarihi A Gidan Silima

Jama'a, kwanan baya na halarci wani taro na ɗalibai inda aka haska mana fim ɗin nan na Amurka mai suna The Great Debaters, wanda ya fito a shekarar 2007. Da aka kunna fitila, sai wani ɗan'uwa da kowa ya san shi da iya tsara zance ya miƙe, ya yi gyaran murya, ya ce mu dubi ikon Allah: a 1935 'yan wata ƙaramar kwaleji ta baƙar fata sun bi Jami'ar Harvard har gida sun kayar da ita a muhawara, sun komo da kofin ƙasa. Aka ɗauki tafi raf raf raf. Har da wasu malamai biyu a kujerun gaba, su ma suna gyaɗa kai. Ni kuwa na yi jugum, domin a cikin wannan jimla guda akwai kurakurai biyu manya, kuma kowannensu ya isa ya ɓatar da mai neman darasi. Kwalejin Wiley ba ta kara da Harvard a 1935 ba. Sarautar zakarun ƙasa kuwa, ba a naɗa mata ba, hana ta aka yi da rana tsaka.

Na san wani zai ce, to mene ne abin ta da jijiyar wuya a kan wasan kwaikwayo? Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, labarin ƙungiyar muhawara ta Wiley yana daga cikin labarai mafiya amfani ga ɗalibi da malamin jami'a, amma an zuba masa sukari har ɗanɗanonsa na ainihi ya ɓace. An mai da shi tatsuniyar dare ɗaya, wadda yara marasa gata suka wayi gari da baiwa suka ka da ƙato. Wanda ya saurari tatsuniya kuwa tafi kawai zai yi ya tafi ya kwanta. Gaskiyar labarin ta fi haka nauyi, kuma ita ce take da abin da za ta tuhume mu da shi.

Bari mu fara daga tushe. Makarantar Wiley tana garin Marshall ne, a gabashin jihar Texas. Cocin Methodist ne ya kafa ta a 1873, shekara takwas bayan ƙare yaƙin basasar Amurka, domin ilmantar da bayin da aka 'yanta da 'ya'yansu. A zamanin da muke magana ɗalibanta ba su kai dubu ba. Kudancin Amurka kuwa a lokacin yana ƙarƙashin dokokin wariyar launin fata, waɗanda kotun ƙoli ta ƙasar ta halatta tun 1896: makaranta dabam, wagunun jirgin ƙasa dabam, gidan abinci dabam, har famfon shan ruwa dabam. A cikin wannan hali ne wani saurayi mai suna Melvin B. Tolson ya iso a 1924 domin koyar da Ingilishi. Ya fito ne daga Jami'ar Lincoln ta jihar Pennsylvania, makarantar da daga baya Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah suka yi karatu a cikinta. A shekarar da ya zo ya kafa ƙungiyar muhawara.

To, ku lissafa da kanku. Daga 1924 zuwa 1935 shekara goma sha ɗaya ke nan. Da farko da sauran kwalejojin baƙar fata suke karawa, domin su kaɗai ne za su yarda su hau dandali ɗaya da su. Sai a 1930 suka tafi Chicago suka kara da ɗaliban koyon aikin lauya na Jami'ar Michigan, kuma wannan yana daga cikin karo na farko-farko da ɗaliban baƙar fata da na farar fata suka yi muhawara a bainar jama'a a Amurka. A 1931 suka kara da Jami'ar Oklahoma City. Suka ci gaba da zagaye ƙasa a mota, a kan hanyoyin da babu masaukin da zai karɓe su, ba kasafai kuma ake kayar da su ba. Sa'an nan a 1935 suka isa birnin Los Angeles, suka kara da Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wadda a lokacin ita ake ɗauka zakarar ƙasa, suka yi galaba a kanta. Wannan shi ne abin da ya faru.

Me ya sa masu fim suka tsame Kudancin Kalifoniya suka dasa Harvard? Hujjarsu ita ce Harvard sunan da kowa ya sani ne, mai kallo zai fi jin girman abin. Watau dai a ganinsu ka da zakara na ainihi bai isa abin alfahari ba, sai an ka da mai babban suna. Ashe cutar da fim ɗin ya ce yana yaƙa, ta auna mutum da rigarsa, ita ce ta kama shi ta bayan gida. Mu ma nan ba mu tsira daga gare ta ba. Sau nawa muka ji ɗalibi ya kawo magana maras tushe, da aka ƙalubalance shi sai ya ce ai wani farfesa ne na wata babbar jami'ar Turai ya faɗa, kowa ya yi tsit? Muhawara kuwa an ƙirƙiro ta ne musamman domin ta karya wannan ɗabi'a, a ajiye suna a ƙofa a shigo da hujja. Wanda ya ji cewa nasarar Wiley ta ragu don ba Harvard aka kayar ba, bai fahimci abin da ake nufi da muhawara ba tukuna.

Ba nan kaɗai aka taɓa ba. A cikin fim, batun da aka yi gardama a kansa a daren ƙarshe shi ne bijire wa dokar zalunci cikin lumana, inda yaro ya tsaya ya ba da labarin kisan gillar da ya gani da idonsa, zukatan alƙalai suka karaya. A zahiri kuwa batun da aka tattauna a Kalifoniya shi ne hana safarar makamai tsakanin ƙasashe. Ku dubi bambancin da kyau. A labarin fim, baƙar fata sun ci nasara domin sun sha wuya kuma sun iya bayyana wuyar da suka sha. A labarin gaskiya, sun ci nasara a kan batun siyasar duniya, wanda ba ruwansa da launin kowa, wanda ba mai iya buɗe baki a kansa sai ya yi karatu ya san yarjejeniyoyi da alƙaluma da tarihin yaƙin duniya na farko. Na farkon yana cewa a tausaya musu. Na biyun yana cewa sun fi abokan karawarsu shiri. Wanne ne ya fi zama mari ga masu cewa ƙwaƙwalwar baƙar fata ba ta kai ta Bature ba? Masu fim sun ɗauki makamin da ya fi kaifi sun jefar, sun riƙe wanda ya fi sa kuka.

Sai maganar sarauta. Babbar ƙungiyar muhawara ta kwalejojin Amurka, Pi Kappa Delta, wadda aka kafa a 1913, ba ta karɓar baƙar fata a lokacin, kuma ba ta buɗe musu ƙofa ba sai bayan yaƙin duniya na biyu. Saboda haka Wiley ta ka da zakara amma ba ta da izinin kiran kanta zakara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda duk ya buɗe littafin sunayen zakarun wannan zamani ba zai ga Wiley a ciki ba. Wannan kaɗai ya isa ya koya mana hattara da jerin kofuna da jami'o'i suke bugun ƙirji da su. In an ce maka jami'a kaza ta ci gasar ƙasa sau kaza, tambayi wa aka bari ya shiga gasar, wa aka tsayar a bakin ƙofa, wa yake riƙe da alƙalamin rubuta sunaye. Ɗan'uwanmu da ya miƙa wa Wiley kofi a wajen taron nan, da kyakkyawar niyya ya yi, amma ya wanke waɗanda suka yi zaluncin ba tare da sun nemi gafara ba.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi damuna, watau yadda aka yi aka kai ga wannan nasara. Masu iya magana sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma mu zomon kawai muke son a nuna mana. Waɗanda suka yi zamani da Tolson sun ba da labarin horonsa. Ba kowa yake ɗauka ba, sai ya tace. Wanda ya ɗauka kuwa ya shiga uku: zai tsayar da shi ya yi ta jefa masa tambayoyi kamar lauya a gaban alƙali, ya rushe duk hujjar da ya kawo, ya gyara masa tsayuwa da furuci da yadda zai motsa hannu, a yi ta maimaitawa har dare ya raba. Yakan zauna ya hango abin da abokan karawa za su ce, ya tanadi amsarsa tun ba a bar gida ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi magana a daren Kalifoniya, Hobart Jarrett, ya rubuta bayanin irin wannan shiri a mujallar The Crisis a shekarar 1935 ɗin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da 'yan kallo suka gani na sa'a ɗaya ko biyu, an shekara goma sha ɗaya ana gina shi.

Amma fa kada a ɗauka na zo yi wa Tolson kirari ne kawai. Akwai wani abu a cikin hanyarsa wanda masu yabonsa kan yi saurin tsallakewa, ni kuwa ina ganin a nan babban darasin yake. Tolson shi yake rubuta wa ɗalibansa jawabansu, su haddace. Ana iya yi masa uzuri, domin kuskure ɗaya a gaban taron Turawa ba a kan yaron kaɗai za a ɗora shi ba, a kan jinsinsa duka za a ɗora, saboda haka malamin bai ga damar yin caca ba. Na karɓi uzurin. Duk da haka, ginin da aka ɗora a kan ginshiƙi guda, ranar da ginshiƙin ya gusa sai rufi ya biyo baya. A 1947 Tolson ya bar Wiley ya koma Jami'ar Langston ta jihar Oklahoma. A shekarar ne kuma aka naɗa shi sarkin mawaƙan ƙasar Laberiya, daga baya har ya zama magajin garin Langston, ya rasu a 1966. Shi dai tauraronsa bai dushe ba. Ƙungiyar da ya bari ce ta dushe, har ta mutu murus. Lokacin da aka zo shirya fim a kan gwanayen muhawara na Wiley, babu ƙungiyar muhawara a Wiley.

Ku tsaya ku auna wannan. Wariyar launin fata da duk ƙarfinta ba ta iya kashe ƙungiyar ba. Talaucin da ya rufe Amurka daga 1929 bai kashe ta ba. Hanyoyi masu haɗari da ƙofofin da aka rufe musu ba su kashe ta ba. Abin da ya kashe ta shi ne tafiyar mutum ɗaya da rashin wanda zai gaje shi, a lokacin da ƙofofin da aka daɗe ana ƙwanƙwasawa suka fara buɗewa. A 1947 ɗin nan ne ma aka fara babbar gasar muhawara ta ƙasa a makarantar sojoji ta West Point. Wannan shi ne ɓangaren labarin da ba shi da kiɗa, ba kuma wanda zai saya tikiti don ya kalle shi, amma shi ne ya fi kama da abin da muke gani a jami'o'i ko'ina. Malami ɗaya mai himma ya ɗauki ƙungiya a kafaɗarsa, da kuɗin aljihunsa da lokacin iyalinsa. In an ci kofi hukuma ta kira mai hoto, a jera a yi murmushi, a sa kofin a cikin kabad na gilashi. In malamin ya yi ritaya ko ya sami canjin wurin aiki, shi ke nan, sai ƙura ta gaji kofin. Ba a tanadi kasafi ba, ba a horar da magaji ba, ba a ko adana takardun da aka yi aiki da su ba.

To, ga hujjar da ta fi ƙarfi a hannun masu kare fim ɗin, kuma ba zan ɓoye ta ba, domin muhawara ba ta yarda da a ɓoye hujjar abokin karawa. Za su ce: in ba don fim ɗin ba, wa ya san Tolson a yau ban da 'yan tsirarun masu nazarin waƙa? Denzel Washington, wanda ya shirya fim ɗin ya kuma fito a matsayin Tolson, ya ba kwalejin kyautar dala miliyan ɗaya a 2007 domin a ta da ƙungiyar. Aka ta da ita. A 2014 kuwa Wiley ta zo ta ɗaya a gasar ƙasa ta Pi Kappa Delta, ƙungiyar nan da ta hana kakanninsu shiga, shekara 79 bayan daren Kalifoniya. Duk wannan gaskiya ne, kuma yabon gwani ya zama dole. Na yaba wa mutumin, ya yi abin da masu kuɗi da yawa ba su yi ba.

Sai dai ku lura, wannan hujja tawa take ƙarfafawa. Me ya sauya tsakanin shekarun da babu ƙungiya da shekarar 2014? Shin baiwa ce ta yi ƙaura daga garin Marshall na tsawon shekara sittin, sa'an nan ta tuna hanya ta komo? Ko kusa. Yara masu kaifin basira suna nan suna shiga suna fita duk tsawon lokacin, ba wanda ya tsayar da su ya jefa musu tambaya. Da aka sami kuɗin ɗaukar mai horarwa, da na tallafa wa ɗalibai, da na mota da masauki, cikin shekara shida ko bakwai aka kai ga sarautar ƙasa. Ashe abin da ake kira mu'ujiza yana da farashi, kuma ana iya rubuta farashin a takardar kasafi. Tambayar da ta rage ita ce, don me makarantar da take da irin wannan gado za ta jira ɗan wasan kwaikwayo ya zo daga Hollywood kafin ta tuna da shi? Jami'o'in da ba wanda zai taɓa yin fim a kansu kuma, su wa za su jira?

Wani kuma zai ce, ai duk surutu ne, muhawara ba ta cika ciki, ba ta gina gada. Ga irin wannan sai in ce ya bi sawun yaran Tolson ya gani. James Farmer ya shiga Wiley yana ɗan shekara 14, yana cikin ƙungiyar a 1935 a matsayin ƙarami, ko da yake ba shi ya yi jawabin ƙarshe ba kamar yadda fim ya nuna. A 1942 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar CORE ta neman daidaito tsakanin jinsuna a Chicago, kuma shi ya jagoranci tafiye-tafiyen nan na 1961 da baƙaƙe da farare suka shiga motocin safa tare suka ratsa Kudu domin karya dokar wariya, aka ƙone mota, aka yi musu dūka, aka ɗaure shi a jihar Mississippi. A 1962 ya hau dandali ɗaya da Malcolm X a Jami'ar Cornell, mutumin da 'yan kaɗan ne suke iya tsayawa gabansa a fagen magana. Hobart Jarrett ya zama farfesan Ingilishi. Henrietta Bell, mace ta farko a ƙungiyar, wadda ta yi muhawarar Chicago a 1930, shekara ɗaya kacal ta yi ta bari, domin sai ta yi aiki take samun abin biyan kuɗin makaranta. Fim ya ɗauko kamanninta ya kai 1935 ya haɗa ta da soyayya, ya bar dalilin fitarta, alhali dalilin nan shi ne yake fitar da ɗalibai mata da maza daga irin waɗannan ƙungiyoyi har gobe. Akwai kuma Heman Sweatt, wanda ya gama Wiley a 1934 bayan ya yi karatu a hannun Tolson: ƙarar da ya shigar ce ta sa kotun ƙoli a 1950 ta tilasta wa Jami'ar Texas ta karɓe shi a sashen koyon aikin lauya. In wannan ne surutu, Allah ya ƙaro mana irinsa.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, ku kalli fim ɗin, ku ji daɗinsa, amma in za ku tsaya gaban jama'a ku ba da tarihi, ku fara bincikawa. Abin kunya ne a ce a taron da aka shirya domin girmama masu kafa hujja, a kawo magana ba hujja a tafa mata. Malamanmu kuma, ku gafarce ni, gyaɗa kan nan da kuka yi ya fi kuskuren yaron ciwo, domin shi bai sani ba ne, ku kuwa aikinku ke nan ku ce masa: ina ka samo? Wanda yake riƙe da wata ƙungiya a cikinku, ya tambayi kansa yau, in ya tashi gobe wa zai ɗauka daga inda ya tsaya, kuma ko ɗalibansa sun iya rubuta nasu jawabin ko nasa suke haddacewa. Hukumomin jami'a kuwa, kafin a kira mai hoto a bikin kofi na gaba, a buɗe takardar kasafi a nuna mana layin da aka rubuta wa ƙungiyar da ta ciwo shi.

Wanda bai gamsu da abin da na faɗa ba, ga fili ga mai doki. Ya rubuto raddinsa a fitowa ta gaba, ya zo da shekara da wuri da sunan wanda ya yi magana, ni kuma in ya kayar da ni zan fito in ce an kayar da ni.